Kaluluwar da ba ta ciwo

A Kura da Bunkure sauro bai san rani ba. Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara bin magudanan Kadawa a shekarun 1970, gonakin shinkafa ke jiƙe kusan duk shekara. Shi ya sa zazzaɓi na kama saurayi sai a ce maleriya ce, in bai sauka ba a ce taifod.

Galibi haka ɗin ne. Amma akwai saurayin da kaluluwa ke fito masa a wuya ko a hammata, mai tauri, ba zafi ba mugunya. Yana tashi da dare riga sharkaf da gumi, wando na zame masa a ƙugu, ’yan uwa na cewa wahalar dashe ce. Wannan na iya zama limfoma, sankarar kaluluwa. Nau’in da likitan Ingila Thomas Hodgkin ya bayyana a 1832 ya fi kama matasa. Wanda Denis Burkitt ya gano a Yuganda a 1958 kuwa, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, ya fi yawa a inda maleriya ta yi katutu, kuma yana iya ninka girmansa cikin kwana biyu, ko da yake yara ya fi kamawa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kemis. Ganin rama, sai a ba yaro ƙwayar dexamethasone. Kaluluwar takan saɓe, gida ya yi murna, alhali cutar na nan, kuma maganin na iya rikita abin da likita zai gani a gwaji. Wani kuma a ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6 bisa zato, don tarin fuka da limfoma na kama da juna.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a ciro kaluluwar, ko ɗan yankinta, a duba a madubin likita. Ana yin haka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar da ba ta kai ta motar tumatir zuwa Legas nisa ba ko kusa. Mafi yawan masu nau’in Hodgkin suna warkewa in an fara magani da wuri.

Ya kamata ma’aikatar lafiya ta Kano ta kafa wa ƙananan asibitocin yankin ƙa’ida: kaluluwar da ta wuce wata guda ba ta saɓe ba, a tura mai ita gwaji da takarda a hannu, gwamnati ta ɗauki kuɗin, domin kuɗin mota da na gwaji ne ke mayar da ɗan ƙwadago wurin mai kemis.