Daga Arlit zuwa Turai: Kujerar yaro a mota ba ado ba ce

A hanyar Arlit zuwa Agadez, mai kusan kilomita 240, an saba uwa ta rungume yaro a cinya cikin mota. A Faransa kuwa laifi ne: dole yaron da bai kai shekara 10 ba ya zauna a kujerar da ta dace da girmansa, ko direba ya biya tarar Yuro 135, kimanin sefa 88,500. A Birtaniya dokar na aiki har yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135. Shi ya sa ya kamata iyaye su tanadi kujerar tun kafin tashi, wajen mai masauki ko kamfanin hayar mota. Tarar ma da sauƙi: idan aka yi karo, hannun uwa ba ya iya riƙe yaro, a Faris ko a Arlit.