Gona Ta Mai Ita Ce, Amma Kogi Fa?

Da zarar kaka ta wuce ruwa ya fara ja, wata tsohuwar rigima takan farka a bakin kogunan Birnin Kudu da Gwaram. Matashi zai saɓo komarsa da gora tun asuba, ya nufi gurbin da ubansa da kakansa suka yi su a cikinsa, sai ya tarar an ja shingen ƙaya, ko ma na waya, tun daga bakin hanya har gaɓar ruwa. In ya tsallaka, mai lambu ya ce an shigar masa gona ba izini, daga cacar baki sai sanduna, daga sanduna sai gaban hukuma. In kuwa ya haƙura ya juya, ranar ba za a ɗora tukunya a gidansu ba.

Abin da ya tsananta lamarin ba ɓoyayye ba ne. Tun da shirin Fadama ya kankama a 1993 da rancen Bankin Duniya, injin ban ruwa ya yawaita, gaɓar da a da ba ta wuce mashaya da wurin shanya taru ba ta koma lambun tumatir da albasa da tattasai. Wannan alheri ne, babu mai ja. Sai dai da filin ya yi daraja, masu hannu da shuni suka shigo suna saye, wasunsu kuma suka ɗauka cewa wanda ya sayi gaɓa ya haɗa har da kogin.

Ko a dokokin gwamnati wannan tunani bai da madafa. Dokar filaye ta 1978 cewa ta yi ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mai takarda yake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta 1993 kuma ta sa duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, kamar kogin Gwaram da ya fito daga ƙasar Bauchi ya sake komawa cikinta, sannan ta halatta wa kowa yin su a ciki. Amma ga inda gizo ke saƙa: dokar ta ba masunci ruwa, ba ta ba shi hanyar zuwa ruwan ba. Shi kuwa Final Kod, laifin kutse a wurinsa shi ne shiga da niyyar aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko muzguna wa mai wuri. Talaka nawa ne suka san haka? Rashin sanin nan ne yake sa a razana su.

Shari'ar Musulunci ba ta bar wannan giɓi ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya lissafa ruwa cikin abubuwa uku da jama'a suke tarayya a kansu, tare da makiyaya da wuta. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa kifin kogi mai gudana ba na kowa ba ne sai wanda ya kama shi, saɓanin tafkin da mutum ya haƙa a gonarsa ya zuba kifi, wannan dukiyarsa ce. Sun kuma yi maganar harimin kogi, wato gefen da ake bari don masu buƙatar ruwan. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya jawo ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi. Da ƙara ta je gaban Sayyidina Umar (RA), ya ga babu cutarwa ga mai gonar, sai ya yi umarni a wuce da ruwan. In har an wuce da magudanar ruwa ta gonar Sahabi, ina ga sawun ƙafar masunci?

To amma adalci ba ya tsayawa a ɓangare ɗaya. Mafi yawan masu lambun nan talakawa ne da suka ci bashin taki da man inji. Matashin da ya ratsa ya tattake dashen albasa, ko ya karya shinge awaki suka shiga, ko ya tsinki tumatir yana cewa ai ɗan kaɗan ne, shi ma azzalumi ne, kuma yana ba masu toshe hanya hujja. Wanda ya zuba gamalin a gurbi ya fi kowa ɓarna, domin ya kashe manya da ƙananan kifi, ya gurɓata ruwan mutane da dabbobi. Dokar su ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, tun kafin ita kuma addini ya haramta. Ɗan'uwa na gari sallama yake yi, ya nemi izini, ya bi gefen kunya, in an hana shi ya kai kuka wurin dagaci, ba ya ɗauki gora ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. Kamar yadda magabata suka yanka wa makiyaya burtali, wajibi ne hakimai da dagatai na masarautar Dutse, da sarakunan ruwa, da ƙananan hukumomin biyu, su zauna da manoma da masunta kafin a fara dashe, a fitar da hanyar ƙafa zuwa kowane gurbi da mashaya, a kafa alama, a rubuta, a sanar a masallatan Juma'a. Duk cinikin fili a gaɓa kuma a ambaci hanyar a gaban shaidu. Matasa masu karatu su taimaka wajen rubutawa da wayar da kan iyayensu.

Taku biyu na ƙasa ba ya talauta mai lambu, amma rashinsa yana hana gida guda abinci. Kada a jira sai jini ya zuba sannan a kafa kwamiti. Allah Ya sa a gane, Ya kuma kiyaye al'umma daga fitina.