Facebook ɗinka yana riga ka shiga ɗakin intabiyu

Ƴan'uwa matasan Dutsi, na Shargalle, Kayawa, Yamel, Sirika da sauran mazaɓunmu, musamman ku da kuke riƙe da waya kuna kare gida dare da rana, wannan rubutun naku ne. Lokacin siyasa ya fara kaɗawa, an fara raba data, guruf-guruf na WhatsApp da suka yi barci sun farka. Kafin a yi nisa, akwai lissafin da ya kamata kowannenku ya zauna ya yi shi kaɗai: abin da nake rubutawa yau, wa zai karanta shi nan da shekara biyar, kuma a lokacin me nake nema a hannunsa?

Mu fara da abin da yake a rubuce. Tun 2019 fom ɗin neman bizar Amurka yake tambayar mutum sunayen da ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. A watan Yunin 2025 suka ƙara wani sharaɗi: duk mai neman bizar karatu sai ya buɗe shafukansa yadda jami'insu zai iya shiga ya karanta. Ofishin jakadancinsu a Najeriya ya sake tunatarwa cewa wanda ya ɓoye wani shafi nasa, ana iya hana shi bizar, har ma a hana shi ta gaba. Wato ba za ka kulle ba, ba kuma za ka ɓoye ba. A 2017 jami'ar Harvard ta janye gurbin karatun da ta riga ta bai wa ɗalibai aƙalla 10, saboda hotunan barkwanci na ƙazanta da cin zarafin jinsi da suka yi ta tura wa junansu a wani keɓaɓɓen zaure na Facebook. Su a ganinsu tsakaninsu ne kawai. A 2019 kuma aka tsare wani yaro Bafalasɗine ɗan shekara 17, Ismail Ajjawi, a filin jirgin Boston, aka soke bizarsa aka mayar da shi Lebanon. A yadda ya ba da labari, abin da aka titsiye shi a kai rubuce-rubucen abokansa ne, ba nasa ba. Sai da aka yi ta kai-komo kafin ya samu ya dawo ya fara karatu.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mu ina mu ina Harvard, mu da muke fafutukar samun Federal Polytechnic Daura ko jami'ar Umaru Musa Yar'adua? To mu dawo gida.

Kun tuna Salihu Tanko Yakasai, Dawisu? Mai bai wa Gwamna Ganduje shawara ne kan yaɗa labarai. A Oktoban 2020 aka dakatar da shi saboda ya soki marigayi Shugaba Buhari lokacin zanga-zangar EndSARS. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, ya sake rubutu a Twitter yana cewa gwamnatin jam'iyyarsa ta gaza. Jami'an DSS suka ɗauke shi, gwamna ya sallame shi daga aiki. Ko ka yarda da abin da ya faɗa ko ba ka yarda ba, ka lura da abu guda: Salihu ɗan Alhaji Tanko Yakasai ne. Da ya ɓace, ƙasa ta ɗauka, manyan jaridu suka buga, bayan ƴan kwanaki ya fito, har ya zo ya yi takarar gwamna a 2023. Kai da mahaifinka yake noma gero da gyaɗa a bayan Karawa, in aka ɗauke ka, wace jarida ce za ta buga?

Sai Aminu, ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Dutse (ta Jigawa fa, ba Dutsinmu ba, don har yau akwai masu haɗa mu). Layi ɗaya ya rubuta a Twitter a tsakiyar 2022 a kan Hajiya Aisha Buhari. Wata da watanni suka wuce, sai a Nuwamba aka bi shi har makaranta aka kama shi, aka kai shi Abuja, kotu ta tura shi gidan yarin Suleja ana dab da fara jarrabawarsa ta ƙarshe. Da ƙungiyar ɗalibai ta NANS da jama'a ba su yi ca ba, har aka janye ƙarar a farkon Disamba, da shekarun karatunsa sun tafi a banza. A nan Katsina ma, a 2020 ƴan sanda sun kama mutum uku, cikinsu har da dattijo ɗan shekara 70, bisa zargin zagin shugaban ƙasa da gwamna a bidiyon da ya yaɗu. Maganar Abubakar Idris Dadiyata kuwa, malami a jami'ar Dutsin-Ma da aka ɗauke daga gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, wannan ta wuce batun aiki ko karatu. Har yau iyalansa suna jira. Allah Ya bayyana shi.

Waɗannan su ne waɗanda aka ji. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a ji, domin shi ne namu na yau da kullum. A wajenmu ba kamfani ne yake zaunar da ma'aikaci ya binciki shafinka ba. Mu a nan sikirinshot ne. An fito da gurbin aiki, na koyarwa ko na lafiya ko na hukumar tarayya, ko an ce a kawo sunaye daga kowace mazaɓa don tallafin karatu. Sunanka ya shiga, takardunka sun cika. Sai wani wanda kuke cin tuwo tare ya lalubo abin da ka rubuta shekara uku baya a kan mai gidan da takardar za ta bi ta teburinsa, ya tura masa da asuba, ya haɗa da “ranka ya daɗe, ga fa yaron da ake son a ba”. Shi ke nan. Ba wanda zai kira ka ya ce ga dalili. Za ka ji dai an ce sunanka bai fito ba, a yi haƙuri sai wani karon. Ka yi ta zargin rashin sa'a, alhali wayarka ce ta kayar da kai.

Abin takaicin, su manyan da ake wannan faɗan dominsu ba sa riƙe juna haka. Barista Ibrahim Shema ya yi shekara takwas yana gwamna a PDP, daga 2007 zuwa 2015, a 2023 ya shiga APC aka tarbe shi. Ranar jana'izar Buhari a Daura, a Yulin 2025, duk mun ga na mulki da na adawa a sahu ɗaya, ana gaisawa ana yi wa juna ta'aziyya. Babba in ya sauya sheƙa, an ce ya hango maslaha. Yaron da ya zagi uban wani dominsa, shi ba inda zai sauya ya je, rubutunsa na nan da sunansa da hotonsa da kwanan wata. An ba shi datar dubu biyu, ya sayar da abin da zai nema da digirinsa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake ku yi shiru ba, kuma duk wanda ya ɗauki wannan rubutu ya ce “kun ji ko, ku daina sukar gwamnati”, to ba da yawuna ba. In asibitin garinku babu magani, ku faɗa. In an fara hanya an watsar, ku ɗauki hoto ku saka, ku rubuta sunan garin da ranar. In taki bai iso manomi ba sai bayan an yi huɗa, ku tambayi inda ya tsaya. Wannan haƙƙinku ne, sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ku. Irin wannan rubutun ko an kai shi gaban wa, za ka iya tsayawa ka ce e, ni na rubuta, ga hujjata. Wanda ba za ka iya tsayawa a kansa ba shi ne ashar, da shiga gidan mutum a taɓa matarsa da ƴaƴansa, da ƙirƙirar labarin da kai ma ka san ƙarya ne, da zagin ƙabila ko addinin wasu a rububin kwament. Wallahi akwai yara masu ƙoƙari, masu sakamako mai kyau, da in ka buɗe shafinsu sai ka ji kunya ta kama ka a madadinsu.

Masu cewa ai da sunan bogi nake yi, ku sake tunani. Layin wayarka an haɗa shi da lambar NIN. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Asusun bankinka ma haka. Lambar da ka buɗe shafin bogin da ita, ita ce a fom ɗinka na neman aiki. Ballantana ma a gari irin namu ba sai an je ga na'ura ba: yadda kake rubuta “gaskiya ne” da irin wanda kake yabo sun isa a gane ɗan gidan wane ne. Guruf ɗin WhatsApp mai mutum ɗari biyu kuwa ba ɗaki ba ne, kasuwar Kayawa ce ranar cinta. Saƙon da ake cewa yana gogewa da kansa, ana ɗaukar hotonsa da wata wayar.

Akwai ƴan abubuwan da ba sa cin kuɗi. Facebook yana da wurin da za ka mayar da duk tsofaffin rubuce-rubucenka su zama abokai kaɗai ke gani, a danna ɗaya. Ka zauna wani dare ka bi shafinka tun daga farko, abin da ka rubuta kana aji uku na sakandare wanda yau ba za ka so surukinka ya gani ba, ka cire. Ka hana a riƙa liƙa sunanka a kan rubutun wasu sai da izininka. Kalmar sirrin da ka bai wa mai shagon kwamfuta lokacin cike fom, ko wayar da ka bari a buɗe wajen mai caji ko mai gyara, ka canza. Ƴan mata, hoton da kika tura wa mutum ɗaya ya bar hannunki ke nan, kuma ke aka fi yi wa hukunci da shi, a wajen aiki da wajen aure duka. Amma in fom ya tambaye ka shafukanka, ka faɗi gaskiya. Goge tsohon shirme daban, yi wa hukuma ƙarya daban, na biyun ya fi tsada.

Yanzu ga ɓangaren da na san wasu a cikinmu ba za su ji daɗinsa ba. Duk wannan nasihar ga yara ce, amma babban laifin yana kan masu karɓar sikirinshot suna yanke hukunci da shi. Aikin gwamnati ba gadon gidan kowa ba ne. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ra'ayinsa na siyasa, sashe na 37 ya kare sirrinsa da saƙonninsa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta lissafa ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kama masu rubutu da shi, kotun ECOWAS ta ce ya tauye ƴancin faɗar albarkacin baki, har aka yi masa gyara a 2024. Doka dai tana nan. Amma yaron da aka cire sunansa a ɓoye, da wace takarda zai je kotu? Ba shi da ita. Shi ya sa gyaran sai dai ya fito daga cikin gidajen siyasa da kansu.

Mu ma nan muna da masu ajiyar hotunan rubutun ƴan ɗaya ɓangaren, ana jiran ranar da dama za ta zo hannu a rama. Ina roƙon shugabanninmu na mazaɓu da masu kula da guruf-guruf ɗinmu su tsayar da wannan. Yarinyar da ta ci jarrabawar aikin jinya ta ci, ko da yayanta ya yi shekara yana yi mana ba'a. Yaron da ya fi kowa maki a gwajin ɗaukar malamai, ajin firamaren ƙauyenku ne zai amfana da shi, kuma ƴaƴanka ne a ajin. Ƙaramar hukumar da likitocinta da injiniyoyinta ba su da yawa ba ta da rarar da za ta riƙa zubar da masu ilimi saboda kwament. In mutum ya yi ƙazafi ko barazana, akwai kotu, akwai hakimi da dagaci da iyayen gari, a kira shi a gabansa a faɗa masa laifinsa, ya kare kansa.

Ga iyayen gidanmu masu raba data kuma, buƙata biyu ce. Duk abin da ba za ka yarda ɗanka na cikinka ya rubuta da sunansa ba, kada ka tura wa ɗan wani ya saka a shafinsa. Sannan yaron da ya yi maka hidima shekara huɗu, in fom ɗin aiki ko na karatu ya fito, ka neme shi tun kafin ya neme ka, ka kuma tsaya masa in wani ya kawo tsohon rubutun da kai ka sa shi ya yi.