Kwalbar “Wayin” A Tabarmar Fikinik: Ka San Abin Da Kake Sha Kuwa?

Idan kana cikin guruf ɗin WhatsApp na ’yan ajinku, ka san yadda ake yi da zarar Sallah ta ƙarato. Wani zai jefo maganar fita shan iska, a yi karo-karo, a tsayar da rana. Galibi sai an gama Hawan Magajiya gari ya lafa, sannan a naɗe tabarmi a nufi bakin dam ɗin Daberam ko na Sabke, ko lambun baban wani. Shinkafa da kaza ba a musu a kansu. Wurin abin sha ne ake kai ruwa rana.

A ’yan shekarun nan, jerin sayayya ba ya cika sai an rubuta “wayin”. Kar ka zabura, ba giya ake da niyyar saye ba. Dogayen kwalaben nan ne masu wuya naɗe da takarda ruwan gwal, waɗanda in an buɗe sai ka ji fau, kumfa ta taso, kowa ya ɗaga waya. Daga shagalin zagayowar ranar haihuwa abin ya faro, ya shiga dinar biki, ya shiga walimar kammala karatu, yanzu ga shi har a tabarmar fikinik a ƙasar Daura.

Bari in ba ka abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wata fita da muka yi, wani abokinmu ya taho mana da kwalba uku tsarabar birni. Ya ce shiga kanti kawai ya yi, ya nuna su da yatsa, aka sa masa a leda. Har an jera kofuna, sai wata ’yar ajinmu mai ɗabi’ar karanta duk abin da ta gani ta juya bayan ɗaya daga ciki. Biyu babu komai. Ta ukun, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ga lamba da alamar kaso da “vol” a gefenta. Wallahi wurin ya yi tsit. Yaron nan har ya fi mu kaɗuwa, don shi kwalba mai kyau ya gani, shi ke nan.

To ka ga matsalar. Jihar Katsina tana bin shari’ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma a gidajenmu ko sunan giya ba a son ji. Wannan tarbiyya ce mai kyau, sai dai ta bar mu ba mu san kamannin abin da muke gudu ba. Kamfanoni kuwa kwalba iri ɗaya suke zuba mai barasa da marar barasa, a manyan kantunan birane ma kusa da juna ake jera su.

Abin da ke cikin waɗannan kwalabe kashi uku ne. Akwai giyar inabi ta ainihi, wadda barasar cikinta kan kai kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, wasu masu zaƙi kuma ƙasa da haka, har mai sha ya ɗauka lemo ne. Akwai ruwan inabi ko na tuffa da aka sa wa gas da sukari, wanda bai taɓa zama giya ba. Yawancin abin da muke saye ke nan. Sai na uku, wanda ya fi rikitarwa: giya ce aka yi ta sosai, daga baya aka cire mata barasar da inji. A ƙasashe da yawa, har da Amurka, doka ta yarda a kira abin sha “marar barasa” ko da akwai ragowar da ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hukuncin wannan na ukun ba aikin ɗalibin jarida ba ne, ka kai wa malaminka. Amma kafin ka tambaye shi, dole ka san wanne ne a hannunka. Ka juya kwalbar, ka nemi alamar kaso. In ka ga 0.0, ka karanta jerin kayan haɗin. In rubutun da harshen da ba ka ji ne, ka mayar da ita inda ka ɗauko.

Ko ka tsallake wannan, akwai jabu a gabanka. A watan Disamba na 2023, hukumar NAFDAC ta rufe shaguna sama da 240 a kasuwar Eziukwu da ke Aba, inda aka samu ana haɗa jabun giya da lemo iri-iri ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe. Kayan jabu ba su san iyakar jiha ba, duk inda mota ta je suna zuwa. Saboda haka lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa da lafiyar murfi su ma abin dubawa ne. Kwalbar da ka ga farashinta ya faɗi warwas, ka tuna araha ba ta ado.

Sai maganar sukari, wadda mu matasa muke ɗauka ta tsofaffi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12. Robar lemo guda mai rabin lita kan iya cinye wannan kason gaba ɗaya, kuma “wayin” ɗin namu ɗan’uwan lemo ne da ya sa babbar riga. Wannan damuwar ce ta sa Dokar Kuɗi ta 2021, wadda ɗan garin nan, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Masu fafutukar lafiya na cewa naira 10 ta yi kaɗan, kamfanoni na cewa ƙari zai kashe kasuwa. Kafin su gama jayayyarsu, jikinka ne ke karɓar sukarin.

Na san abin da za ka ce: to mu koma zoɓo da kunun aya mana. Ina tare da kai, amma da sharaɗi. Ka tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da mutane suka riƙa cika asibitoci bayan shan lemon haɗi. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, an kwantar da kimanin 400, NAFDAC kuma ta gano cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Kasancewar abu na gida ba ya wanke shi. Wa ya haɗa? Da wane ruwa? Robar da aka ɗura sabuwa ce, ko tsintowa aka yi aka ɗauraye?

Ga kuma rana. A watannin Afrilu da Mayu zafin Daura kan haura digiri 40. Kunun aya da fura da nono ba sa jure wannan. Ka bar su a but ɗin mota daga hantsi zuwa azahar, ka dawo ka tarar roba ta kumbura. Duk abu mai zaƙi da ya daɗe a zafi tsami yake yi, tsamin nan kuwa shi ne farkon hanyar zama abin da muke gudu. Shi ya sa malamai ke karantar da mu cewa jiƙon dabino ko zabibi da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce kwana uku yana sha. Dabarar mai sauƙi ce: a haɗa da safiyar ranar, a fara shanye kunun aya, zoɓo da tsamiya su biyo baya don sun fi juriya. Ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, ka jera robobi a cikinta a kula, kar ka jefa ta a kofi. Ruwan sha mai tsabta kuma ya fi komai yawa a kayanku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke raina namu. Zoɓon da manoman Jigawa da Katsina ke nomawa, ’yan kasuwa buhu-buhu suke fitar da shi zuwa Meziko, inda ake shan sa a gidajen abinci. A Senegal sunansa bisaf, a Masar karkade, kuma babu mai jin kunyar miƙa wa baƙo. Ayar da muke taunawa a tasha, a Balensiya ta ƙasar Sifen da ita ake yin wani farin abin sha da suke alfahari da shi, kusan kunun ayarmu sak. Mu kuma sai mu tattara kuɗin karo-karo mu sayi kwalbar da ba ta kai lita ɗaya ba, mutum goma sha biyar su ɗanɗana a fatar baki. Kuɗin nan da an ba wata ’yar ajinku mai sana’ar zoɓo, wadda kun san gidansu kun san tsabtarta, da kowa ya sha ya ƙoshi, ita ma ta samu na rajistar zango mai zuwa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, kwalbar nan don kyamara muke sayenta. Ba laifi ba ne mutum ya so hotonsa ya yi kyau, ni ma ina so. Amma jan zoɓo mai sanyi a jug na gilas, da yankan abarba da na’ana’a a kai, ba ya jin kunyar kowace kwalba a hoto. In kuma lallai sai an ji fau ɗin nan, a wakilta mutum ɗaya mai karatun bayan kwalba ya je sayayya, ba wanda ya fi kowa iya wanka ba. Idan an tashi kuma a kwashe kwalaben a tafi da su, don bakin dam mashayar dabbobi ce, yara kuma ba takalmi suke yawo a wurin.

Yanzu dai ka koma guruf ɗinku. Kafin ka tura naka kason, ka tambaya: wa zai sayo abin sha, kuma wa zai karanta?