Fatalwar Ingila a Ajujuwan Yola: Hadda ko Karatu?

Daga 2016 zuwa 2020 Hukumar WAEC ta ɗora wa ɗaliban adabin Turanci karanta The Castle of Otranto, wanda Horace Walpole ya wallafa a Ingila a 1764, littafin da masana ke ɗauka shi ne tushen labaran Gotik, watau ƙagaggun labaran ban-tsoro. Daga 2021 zuwa 2025 kuma aka ɗora musu Wuthering Heights na Emily Brontë, na 1847. Shekara goma cur ke nan ƙannenmu na Yola da Ƙaraye da Rogo suka yi suna kokawa da fatalwowin Ingila. Mu da muka ratso waɗannan ajujuwa muka shigo jami'a, wajibinmu ne mu tambaya: me aka tsinta?

Hadda aka tsinta. A jera wa yaro siffofi a allo: tsohuwar fada, hanyar ƙarƙashin ƙasa, fatalwa, budurwa cikin tasku. Ya haddace, ya amayar ran jarrabawa, ya fita bai san dalilin da ya sa marubuci ya tara waɗannan kaya ba. An nuna masa ganga, an hana shi jin kiɗa.

Alhali kuwa dalilin a fili yake. A littafin Walpole wani ƙaton kwalkwali ne ya faɗo ya murƙushe Conrad, ɗan Sarki Manfred, ran ɗaurin aurensa. Me ya jawo? Ricardo, kakan Manfred, shi ya sa wa ubangidansa Alfonso guba, ya ƙaga wasiyyar ƙarya, ya haye gadon sarauta. Daga ƙarshe Manfred ya soke 'yarsa Matilda da hannunsa, sarauta ta koma ga mai ita. Alhaki kwikwiyo ne. Fatalwa a irin waɗannan labarai mai ba da shaida ce: zaluncin da masu iko suka binne, ita ke tono shi. Haka ma Heathcliff na littafin Brontë: wulaƙanta shi aka yi yana yaro, ya dawo ya ƙwace gidaje biyu daga magadansu.

To, ɗan Rogo ne bai san cin gadon marayu ba? Ko ɗan Yola ne bai taɓa jin rikicin gona ko na sarauta ba? Dabarun tsoratarwa kuwa, a gaban kakanninmu muka fara koyonsu: Dodo a bakin rafi, kufai da tsakar dare, kuka da tsamiyar da ba a rabarsu, asirin da ba a tonawa sai ƙarshe. Tarihin Kano ya ba mu Tsumburbura, wadda babu mai shiga wurinta sai Barbushe; Daura ta ba mu macijin Kusugu. Labari cikin labari, wanda ake wahalar da yara da shi a littafin Brontë, inda mai aikin gida Nelly ke ba baƙo labari, shi ne ginshiƙin Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun 1937.

Wasu za su ce a watsar da littattafan, camfin Turawa ne. Ba mu yarda ba. Wanda bai leƙa gidan wani ba, bai san girman nasa ba. Wasu kuma za su ce ai jerin nan shi jarrabawa ke so. Amma wanda ya gane dalilin faɗowar kwalkwali zai amsa kowace tambaya, mai hadda kuwa da an juya masa tambaya sai ya yi zuru.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, malamai su fara darasin Gotik da tatsuniyar garin yaro, kana su haye zuwa Ingila. Na biyu, a sa kowane ɗalibi ya ƙaga labarin ban-tsoro a kan kufan garinsu, ya ɓoye wani zalunci a cikinsa. Na uku, sassan Hausa da na Turanci a jami'o'inmu su daina zaman 'yan marina, su haɗu su horar da malaman gobe, domin mu ne malaman nan.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, in muka koma gida da alli a hannu muka sake jera siffofi a allo, alhakin ƙannenmu mu zai bi.