ALLON DA YA FAƊO A MAGARYA DA MASU FAKEWA DA ƘADDARA



Ya 'yan uwana matasa, yau zan fara tona asirin kaina ne kafin in taɓa na kowa. Sana'ata rubuta allunan shaguna da kafa su, a cikin garin Sakkwato nake da ɗan shagona, ni da yara biyu masu koyon aiki. A watan Mayun 2023 wani dattijo mai shagon kayan masarufi a Magarya, can ƙasar Wurno, ya ba ni aikin allo na langa-langa, ƙafa 8 a tsawo, ƙafa 4 a faɗi, da katako a bayansa. Na yi fenti, na rubuta, na tura yaro ya je ya kafa, na karɓi cikon kuɗina. Ni kaina ban taka garin ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan ɓarnar ta faro.

Mako uku bayan haka, ina fitowa daga sallar magariba, sai waya ta yi ƙara. Muryarsa na rawa ya ce: "Malam, allon ga da kun ka kafa mani ya faɗo. Ya lanƙwashe, kuma ya yanki wata ɗiya mai tallar ƙosai ga hannu. Haka kuke ma mutane aiki?" Kafin ya rufe baki na riga na shirya amsa, irin wadda kowane mai sana'a a ƙasar nan ya haddace tun yana yaron shago. Na ce: "Alhaji, a yi haƙuri. Iska ce. Hadarin jiya ko rufin kwano bai bari ba. Ƙaddara ce, babu yadda muka iya." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kashe wayar.

Da na kai labarin majalisarmu da dare, babu wanda ya ce na yi kuskure. Wani ya ce ai an gama ciniki, an rabu lafiya. Wani ya ce in na kuskura na biya wannan, gobe duk wanda akuya ta goge wa fenti zai zo neman diyya. Mai walda da ke kusa da ni ya ɗora da wa'azi, wai Musulmi ba ya jayayya da abin da Allah ya hukunta. Da wannan mai waldan nake yau, shi da duk masu irin bakinsa, da ni kaina a wancan dare.

Barci ya ƙi zuwa saboda hannun yarinyar. Da sassafe na shiga mota ta Achida, na isa Magarya kafin rana ta take. Abin da na gani bai buƙaci dogon bincike ba. Bangon shagon ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, daga nesa sai ka rantse bulo ne. Yarona ya buga ƙusa mai inci 3 guda shida, kowace ta huda shafen ta tsaya a cikin busasshiyar ƙasa wadda ba ta riƙe komai. Ya kuma bar rata tsakanin allon da bango ta sama. Shagon na kallon gabas, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san daga gabas hadarin farkon damina ke tasowa, da iska da ƙura a gabansa tun kafin ɗigon ruwa ya sauka. Iska ta shiga ratar, ta ɓamɓaro allon da shafen gaba ɗaya kamar yadda ake ɓare ɓawon rogo. Bango irin wannan ba a rataya masa allo da ƙusa. Ko dai a huda shi da dogon ƙarfe mai noti a ɗaure ta ciki da faranti, ko kuma a ƙyale bangon, a kafa bututun ƙarfe biyu a ƙasa da kankare. Na san haka shekara da shekaru. Yaron ne bai sani ba, ni kuma ban tambayi irin bangon ba, domin kuɗin mota da kuɗin ƙarfe za su rage mini riba. Allon kyamis ɗin da ke daura da shagon, wanda wani ya kafa a kan ƙafafun ƙarfe, yana nan tsaye ko gezau. Iska ɗaya ta buge su.

To yanzu sai a gaya mini, ina ƙaddara ta shigo a matsayin hujja? Babu Musulmin da ke musun cewa ganye ba ya faɗuwa sai da sanin Allah, balle allo. Amma an saukar mana da imani da ƙaddara ne domin ya sanyaya zuciyar wanda musiba ta sama. Mu kuma mun ƙwace shi daga hannun wanda aka cuta, mun mai da shi garkuwar wanda ya yi cutar. Dattijon nan shi ke da ikon cewa ƙaddara ce, na yafe. Ni da na rage ƙusa ba ni da wannan bakin. Da ɓarawo zai fasa shagon mai waldan nan ya kwashe injinsa, aka kama shi, ya ce rabo ne ya tsaga, shin zai karɓa? Wallahi har kotu za su je. Sayyidina Umar (RA), a shekarar annobar Amwas, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham, da aka tuhume shi da gudun ƙaddara ya nuna musu cewa ɗaukar mataki shi ma cikin ƙaddarar yake. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa an umarce shi ya ɗaure ta tukuna, sannan ya yi tawakkali. Ni ban ɗaure komai ba, sai da abin ya ɓaci na tuna da tauhidi.

Abin takaici, muna kiran kanmu Malikawa, alhali mazhabar Imamu Malik ta yi suna wajen tsananta wa masu sana'a a wannan babi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya ta, an hukunta cewa mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su shi ke lamuninsu, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Malamai sun bayyana dalili: mutane ba su da makawa sai sun kai yadinsu ga tela, fatarsu ga majemi, ba kuma za su zauna gadinsa ba, in aka bar shi da kalmar "ya lalace" kawai, dukiyar jama'a ta salwanta. Imam Shaɗibi ya kawo wannan mas'ala a cikin Al-I'itisam a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a. Wannan fa a kan kayan da suka salwanta ba tare da an ga sakacin mai sana'a ido da ido ba ke nan. Ina ga wanda sakacinsa ke kwance a ƙasa, ƙusa shida, kowa na iya ƙirgawa?

Kuma a Magarya abin ya faru, abin da ya ƙara mini kunya. A nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna kafin ya kafa ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837, inda hubbarensa yake har yau. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, a cikin nauyin da ke wuyan shugaba, domin gari ba ya zaunuwa sai da su. Wannan daraja aka ba mu. Mun riƙe darajar, mun yar da amanar da ta zo da ita.

Masu cewa in ka biya ɗaya kowa zai zo, ina da tambaya gare su. Alluna nawa ne kuka san za su faɗo, har kuke tsoron layi? Wanda aikinsa ke da kyau ƙorafi ɗaya ba ya talauta shi. Sannan wannan rubutu da muke mannawa a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya wanke mai ɓoye aibi. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma barranta daga mai algus. Allo mai ƙyallin fenti a gaba da gajeriyar ƙusa a baya, mene ne bambancinsa da wancan tsibi? Ko dokar ƙasa ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, sai dai ban so a ce sai an nuna wa Musulmi takardar Abuja kafin ya mayar da haƙƙi.

Ba ina cewa duk mai ƙorafi ke da gaskiya ba. Na taɓa yin wanda ya cire allonsa da kansa ya mayar wani bango, ya faɗo, ya zo yana zagina a gaban yarana. Akwai kuma sabon salon da ya shigo, mutum bai kira ka ba, bai ji ta bakinka ba, sai dai ka ga hoton aikinka da sunanka na yawo a Facebook da WhatsApp. Wannan ma zalunci ne, kuma ku matasa kun fi kowa yin sa. Sai dai ba za ka san mai gaskiya daga mai sharri ba sai ka yi shiru ya gama maganarsa, sannan ka je ka gani da idonka. Ni na yanke hukunci daga ƙofar masallaci a Sakkwato a kan bangon da ban taɓa gani ba.

Na tarar da Alhajin a kan tabarma a gefen shago. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Na ce: "Alhaji, jiya na gaya muku ba daidai ba. Laifina ne, ba na iska ba, ba na yaron ba. Zan sake allon, in kafa shi a kan ƙarfe, ba za ku ƙara ko kwabo ba." Ya dube ni ya ce: "Da haka kac ce jiya, da na yi kwana." Daga nan ya sa aka raka ni gidan su yarinyar. An ɗinke mata hannu, an naɗe da bandeji. Mahaifinta manomin albasa ne, ya ƙi karɓar kuɗin magani har sai da Alhajin ya sa baki, na kuma biya ƙosan da ya zube a ƙasa. Tabon yana nan a hannunta, na gan shi da na koma kafa sabon allon, kuma babu abin da zan biya ya goge shi.

Yaron da ya buga ƙusar ban kore shi ba, duk da cewa majalisa ta ba ni wannan shawarar ma. Da shi na koma, shi ya haƙa ramukan biyu, shi ya kwaɓa kankaren.

Da na dawo gida na ɗauko tsohon littafin rasit, na bi shi shafi shafi, na fitar da duk aikin da na tura yara suka kafa a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo ban je na duba ba. Sun kai goma sha ɗaya. Huɗu daga ciki a bangon ƙasa na same su, an sake musu ƙafafu. Biyu masu shagunan sun tashi, allunan ma babu su. Na ƙarshe yana wani shagon takin zamani kusa da Goronyo, na tarar gara ta cinye katakon bayansa saura ƙusa biyu ke riƙe da shi, a daidai inda 'yan acaɓa ke fakewa rana.