Lafiya Uwar Jiki: Hawan Jini

Sau da yawa mukan ji an ce, "Wane ya kwana lafiya ƙalau, da safe ɓarin jikinsa ya shanye." Sai a ɗora wa iska ko sammu. Galibi kuwa hawan jini ne, wanda ya daɗe yana ɓata jijiyoyi da zuciya da ƙoda, ba ciwo, ba zazzaɓi. Awo kaɗai ke tona asirinsa. In an auna mu a ranaku dabam dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, sai mu ga likita. In ya ba mu magani, kada mu daina sha don mun ji garau, gama jinin zai sake hawa. Uwargida kuma, a sassauta hannu wajen gishiri da dunƙulen miya. Cokalin shayi ɗaya na gishiri ya ishi babban mutum yini guda.